RA'AYINMU: Bayan Baƙi Sun Koma Gida, Wa Zai Riƙe Yaron?



Tun da wayar hannu ta shiga kowane aljihu, wani sabon roƙo ya fara zuwa gaban majalisun dattawan ikilisiyoyinmu. Saurayi ko budurwa sun gama makarantar koyon aikin jinya, ko kuwa suna zaune a gida suna jiran shiga jami'a, sai su ga talla a intanet cewa ana neman masu aikin sa kai da za su je Gana ko Kenya ko Nepal, su yi mako biyu ko wata guda suna taimakon jarirai da ƙananan yara masu shanyewar gaɓoɓi. Sai su zo suna neman takardar shaida daga ikilisiya, da gudummawar kuɗin jirgi. Dattawa kuwa sukan rabu biyu. Wasu su ce yawon buɗe ido ne aka lulluɓe da sunan hidima, wasu su ce ai kira ne, wa ya isa ya hana.

Matsayin wannan jarida shi ne, niyyar mai kyau ce, kada a kashe ta. Amma kafin ikilisiya ta sa hannu a takarda ko ta taɓa baiko, ya kamata mu san ko wane irin aiki ne wannan. Ya kamata kuma mu tuna cewa Sakkwato da kanta tana cikin garuruwan da mutane suke barin ƙasashensu su zo yin irinsa.

A cikin garin nan akwai Asibitin Yara na Noma. Da yawa sun ji sunan suna tsammani yana da nasaba da aikin gona. Noma a nan sunan cuta ce, wadda ake kira zaizayar baki. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda yunwa ta raunana, ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara kamar kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki sai ta ci kunci da leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan ba a yi magani ba, har yara 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Abin takaicin shi ne, idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka babu dalilin gudun yaron da ya kamu.

An buɗe asibitin a 1999 da taimakon ƙungiyoyin agaji na Holan da Jamus, tun 2014 kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki a wurin tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Magani kyauta ne. Lokaci-lokaci a cikin shekara ƙwararrun likitocin fiɗa sukan zo daga ƙasashe dabam-dabam, su haɗu da na gida, su yi 'yan makonni suna gyaran fuskokin yara. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa wannan cuta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi watsi da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a watan Disamba 2023. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa Mulikat Okanlawon, wadda ta tsira daga cutar kuma ta yi aiki a wannan asibiti, cikin mutane 100 masu tasiri a harkar lafiya a duniya. Duk wannan a ƙofar gidanmu ya faru.

To, ga inda maganarmu take. Yaron da ya tsira daga noma, sau da yawa tabon yakan janye ya kulle masa muƙamuƙi, har baki ya ƙi buɗuwa, cin abinci da magana su zama wahala. Likitan fiɗa yana iya sakin muƙamuƙin cikin 'yan sa'o'i. Amma mutanen Sakkwato, garin jima da dukanci, sun san halin fata: in an bar ta ta bushe ba a ja ta ba, sai ta ƙanƙance. Haka tabo yake. Dole yaron ya riƙa motsa bakin sau da yawa kowace rana, har akan jera 'yan siraran katako irin waɗanda likita yake danne harshe da su, a sa tsakanin haƙora, a riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Da zafi, yaro yana kuka, kuma abu ne na watanni. Kafin a je ko'ina baƙon likita ya koma ƙasarsa. Wanda ya rage shi ne ma'aikacin gashi na asibitin, da uwar da za ta koma ƙauye a yankin Illela ko Gwadabawa ko Tambuwal, inda daka da ɗibar ruwa da sauran yara suke jiranta. Idan ta gaji ta bari, muƙamuƙin yana iya sake kullewa, aikin ƙwararru ya tafi a banza.

Sunan da muke ba wannan sana'a, wato gashi ko gashin ƙashi, shi ma yana rikitar da mutane. Da an ce gashi sai a tuna ruwan zafi da tsumma da man zafi. Ga jariri kuwa, mafi yawan aikin ya fi kama da wasa: yadda za a kwantar da shi rub da ciki domin wuya ya yi ƙarfi, yadda za a zaunar da shi a kusurwar ɗaki da matasai, yadda za a goya shi ƙafafu a buɗe, yadda za a riƙe kansa lokacin shan kunu domin kada ya shaƙe ya sami ciwon huhu, yadda za a miƙe gwiwa da idon sawu kullum domin kada su ƙage. Mai kallo zai ce kowa ma zai iya. Amma sanin wane motsi ya dace da wane yaro, da inda za a tsaya, shi ne abin da ake shekaru ana koyo. Hannun da bai sani ba yana iya gurɗe ƙugun yaro ko ya karya ƙashinsa, yana tsammani taimako yake yi.

Kada kuma mu ɗauka maganar 'ya'yan wasu ce kawai. A cikin ikilisiyoyinmu akwai yaran da ba mu taɓa gani a Makarantar Lahadi ba, domin suna kwance a ɗaki. Wani doguwar naƙuda ce ta hana shi numfashi lokacin haihuwa. Wani shawara ce ta yi masa tsanani a makon farko, aka tsaya ana shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan sukari maimakon a kai shi asibiti. Wani sanƙarau ne, irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996 ya sake dawowa a 2017, wani kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Ƙarshen duka ɗaya ne: ƙwaƙwalwa ta sami rauni, wuya ya ƙi tsayawa, jiki ya sandare ko ya saki. Akwai wanda aka ja hannunsa wajen haihuwa hannun ya shanye, akwai wanda aka yi wa allura a ɗuwawu a kantin magani ta taɓa jijiya, akwai wanda ya faɗa wuta da hunturu tabon ƙuna ya manne masa yatsu.

Irin waɗannan yara ne ake kira 'yan ruwa, ko a ce iska ce, ko maita, ko la'anar gida. Abin kunya ne a ji irin wannan magana a bakin mai bi, amma ana ji. Akwai ma gidajen addu'a da suke sa uwa ta yi azumi tare da jaririn da dama bai da ƙarfin tsotso. Wanda ya karanta sura 9 ta Bisharar Yohanna ya san cewa da almajirai suka nemi su ɗora laifin makantar wani a kansa ko a kan iyayensa, Ubangiji bai yarda ba. Mu fastoci wajibi ne mu faɗa wa iyaye gaskiya. Raunin ƙwaƙwalwa irin wannan, gashi ba ya share shi. Abin da yake yi shi ne ya hana gaɓoɓi ƙagewa, ya koya wa yaro zama ko tsayuwa ko tafiya gwargwadon abin da jikinsa zai iya, ya rage wa uwa wahalar ɗauka da ciyarwa. Addu'a muna yi, ba za mu fasa ba. Amma faston da ya ce wa uwa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, zai ba da lissafin yaron.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kuwa likitoci sun yarda da su. Shekaru biyun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin koyon sabuwar hanya. Idan jariri ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna da kansa ba, ko wata 18 bai taka ba, ko kuma kullum hannu ɗaya yake amfani da shi ɗayan a dunƙule, kada a ce lalaci ne ko gadon gidansu ne. A kai shi a duba. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai an je Kano ko Abuja ba.

Misalin da ya fi nuna darajar sammako shi ne na jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana duban ciki. Kusan ɗaya cikin jarirai 1,000 haka ake haihuwarsu. Wani likita haifaffen Sifen mai suna Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya fito da hanyar gyara ba tare da babbar fiɗa ba: a riƙa juya ƙafar a hankali ana ɗaure ta da filasta, ana sauyawa kowane mako har sau 5 zuwa 8, sai a ɗan tsaga jijiyar diddige, sa'an nan yaro ya sa wani takalmi mai sanda a tsakani kusan dare da rana har wata 3, daga nan sai da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Yaron da aka fara wa wannan yana jariri yakan yi gudu ya buga ƙwallo kamar kowa. Ku lura da lissafin: makonni na likita, shekaru na uwa. Yawancin waɗanda ƙafar ta koma, a wajen takalmin dare aka yi sake, ko kuwa kuɗin mota ya ƙare tun ba a gama ɗaurin ba.

Saboda haka ba muna raina baƙin da suke zuwa ba. Mutum ya bar gidansa da sanyin ƙasarsa ya zo zafin Sakkwato na watan Afrilu domin ɗan talakan da bai sani ba, ya cancanci godiya. Amma baƙo raɓa ne. Ma'aunin mai aikin sa kai na ƙwarai shi ne abin da ya bari a hannun 'yan gida: ma'aikaci nawa ya koya wa, uwa nawa ta iya yin motsin da kanta bayan ya tafi. Tarihin sana'ar a ƙasar nan ma haka ya nuna. Turawan Ingila biyu ne suka kawo ta a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, abin da ya sa ta yi saiwa kuwa shi ne sun horar da 'yan ƙasa, har Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta a 1966.

Da wannan ma'aunin za mu auna namu 'ya'yan. Kai saurayi, ke budurwa, idan ba ku karanta wannan aiki ba, ba za ku zama masu gashi ba don kun biya wani kamfani kuɗi kun hau jirgi. Abin da ba za a bar ku ku yi wa jariri a asibitin koyarwa na nan ba, bai kamata ku yi wa ɗan Kenya ba. A Najeriya akwai hukumar da aka kafa a 1988, wadda ake kira MRTB, duk mai wannan sana'a sai ya yi rajista da ita, sauran ƙasashe ma suna da nasu dokoki. Yawancin waɗannan tallace-tallace kai ne za ka biya, kuɗin kuma ya isa ya kai yara da yawa asibiti shekara guda. Wasu ma 'yan damfara ne masu neman fasfo da kuɗin biza. Dattawa su tambayi sunan asibitin, da sunan ƙwararren da zai lura da yaronmu, da takardar gayyata daga asibitin kansa. Idan babu, kada ikilisiya ta sa hatiminta.

Wanda kuwa ya karanta aikin, yana da lasisi, kuma zuciyarsa tana kan ƙetare iyaka, to ƙasar waje mafi kusa tana bayan Illela. Asibitin Galmi da SIM ta kafa a 1950 yana gabas da Birnin Ƙonni, akwai na Danja kusa da Maraɗi, akwai kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010, wanda aikinsa gyaran ƙafafu da gaɓoɓin yara ne. A Galmi da Danja, ɗanmu yana da abin da Bature mai digiri uku ba shi da shi: zai yi wa uwa bayani da Hausa ba tare da tafinta ba, ya san goyo, ya san tabarma, ya san abin da kishiya da uwar miji za su ce idan an koma gida. Sai dai tun juyin mulkin Yuli 2023 al'amuran iyaka da na tsaro sun sha sauyawa, hanyoyin yankin kuma kun san halinsu. Kada kowa ya tashi sai asibitin ya rubuto ya ce a zo. Wanda zai je kuma ya shirya zama na watanni. Waya ta zauna a aljihu: fuskar yaro mai noma ko ƙafar ɗan wani ba kayan Facebook ba ne, ko da sunan neman addu'a.

Yanzu ga dattawa. Mun san abin da wasu za su ce. Mu 'yan kaɗan ne a garin nan, filin gina majami'a ma da ƙyar, muna da gwauraye da marayu da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, albashin fasto ma wani wata sai an haɗa da bashi. Kuma tun abin da ya faru a watan Mayu 2022, kowa yana taka-tsantsan da inda zai sa ƙafa, kada a ce mun shiga asibiti muna farautar 'ya'yan mutane. Wannan tsoron ba na banza ba ne, ba kuma sabo ba ne. Lokacin da SIM ta karɓi kula da kutare a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930, irin wannan zargi ya bi masu mishan, musamman a kan yara. Darasin da ke ciki shi ne hidima ta zama a fili, ta ƙofar hukumar asibiti, da izini a rubuce, ba tare da sharaɗi ba. Uwar da aka biya wa kuɗin kabu-kabu ba ta ci bashin sauraron wa'azi ba. Wanda ba zai iya riƙe wannan ƙa'ida ba, ya zauna a gida, gama zai jawo wa dukanmu abin da ba mu nema ba. Mu fara ma da yaran da suke cikin gidajenmu, inda ba wanda zai zarge mu.

Game da rashin kuɗi kuwa, mu duba abin da muke kashewa a ankon Zumuntar Mata, da sababbin lasifika, da bikin aika fasto. Ba mu ce a daina ba. Amma abin da ya fi hana yara gama magani shi ne kuɗin zuwa da dawowa kowane mako, da rashin wanda zai zauna da sauran yara ko ya tsare wa uwa sana'arta na rabin yini. Wannan bai fi ƙarfin ikilisiya mai mutum 80 ba. A sura 2 ta Bisharar Markus, mutane huɗun da suka ɗauko shanyayye ba likitoci ba ne, aikinsu ɗauka ne, da nacin neman hanyar shiga. Matasan da suke marmarin Nepal, ga aikin sa kai na gaske: a raba ranakun asibiti a tsakaninsu, mai babur ya kai, mai ƙarfi ya ɗauki yaron da ya fi ƙarfin goyo, mai ilimi ya rubuta abin da ma'aikacin gashi ya ce a riƙa yi a gida. Kafintocinmu da masu walda su je su ga irin kujerar zama da sandunan koyon tsayuwa da ma'aikatan suke so, su ƙera bisa ga awon da aka ba su. Wanda ya jure wannan shekara guda bai fasa ba, shi ne ya cancanci a saurare shi ranar da ya zo da maganar ƙetare.

Abu na biyu ya fi nauyi, ikilisiya ɗaya ba za ta iya ba sai an haɗa hannu. Kowane gida yana so ɗansa ya zama likita ko lauya, wanda bai sami gurbin likitanci ba sai a ga kamar ya faɗi. Alhali ana koyar da aikin gashi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, karatun shekara 5 ko 6 ne gwargwadon tsarin jami'ar, sai shekarar horo a asibiti. Ƙwararrun da ƙasar take horarwa da yawa suna tafiya Ingila da Kanada da Saudiyya, ba kuwa za mu zarge su ba, mun san albashinsu. Idan ikilisiyoyi biyar ko shida suka ɗauki nauyin ɗalibi guda, da yarjejeniyar zai yi wasu shekaru yana aiki a jihar nan bayan ya gama, za mu sami wanda zai duba 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu, ba na mako biyu ba. A zaɓe shi bisa ga sakamakon jarrabawa da hali, kada a duba ɗan wane ne ko daga wane yare ya fito, domin mun san inda irin waɗannan shirye-shirye suke mutuwa.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Kowane fasto tare da shugabar Zumuntar Mata su zaga gidajen membobinsu, su san yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 5 waɗanda ba su zauna ba, ba su taka ba, ko aka daina kai su asibiti, da dalilin dainawar. A yi shi cikin sirri, kada a karanta sunan kowa a sanarwar Lahadi, kada a kira uwa gaban jama'a domin a yi mata addu'a sai in ita ta nema. Sakataren kowace ikilisiya ya kawo adadin kawai, ban da sunaye, zuwa zaman majalisar dattawa na gaba, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Edita